Zauren da ya sauke Fuluto: wa ke yanke hukunci a kan sararin samaniya?

Da yammacin Alhamis, 24 ga Agusta 2006, a wani katafaren zaure na birnin Prague a Jamhuriyar Cek, masana ilimin falaki ɗari huɗu da 'yan kai suka ɗaga katuna masu ruwan ɗorawa sama. Kafin su sauke hannu, duniyoyin da ke kewaya rana sun koma takwas. Fuluto, wadda yara suka shekara 76 suna haddace ta a matsayin ta tara, ta fita daga jerin. Ita dai Fuluto tana can tana tafiyarta ta shekara 248 kafin ta zagaye rana sau ɗaya, ko ƙwayar ƙanƙara ɗaya ba ta ragu a jikinta ba. Littattafan makaranta na duniya baki ɗaya ne suka sauya.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina, don ita ce ta fi kowace fito da aikin da tarukan masana taurari ke yi a fili. Ra'ayina tun farko shi ne hukuncin da aka yanke a Prague daidai ne, amma hanyar da aka bi aka yanke shi tana da rauni, kuma raunin nan ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Ƙungiyar da ta kira taron ita ce Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IAU. An kafa ta a Brussels a 1919, ofishinta yana Paris, kuma duk bayan shekara uku take kiran babban taro na kusan mako biyu. Yawancin kwanakin nan ba ruwansu da ƙuri'a. Mutum zai tashi ya yi bayanin bincikensa cikin minti goma ko sha biyar, a yi masa tambayoyi, ya sauka wani ya hau. Ɗalibai masu neman digiri na uku sukan tsaya a gefen fostocinsu a wani dogon zaure, suna jiran wani babban farfesa ya gifta ya tsaya ya karanta. Lokacin shan shayi ake ƙulla yawancin abin da zai haifi aiki: wane yana da sa'o'i a babban madubin hangen nesa na ƙasar Chile, wance tana da lissafin da zai fassara abin da madubin ya gani, sai su haɗa kai.

Irin wannan zama yana tace gaskiya, kuma yana yin haka ba tare da an ƙirga hannuwa ba. Ranar 6 ga Oktoba 1995, a wani taron bita a Florence ta Italiya, Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz suka ce sun gano wata duniya tana kewaya wani tauraro mai kama da ranarmu, wanda ake kira 51 Pegasi. Abin ya yi wuyar haɗiyewa, domin duniyar ta kai kusan rabin nauyin Mushtari, wadda ta fi kowace duniya mai kewaya rana girma, amma a kwana huɗu da 'yan sa'o'i take gama zagaye. Ba wanda ya ce a kaɗa ƙuri'a. Wasu masana a Amurka suka juya madubinsu wajen tauraron, cikin 'yan kwanaki suka ga abin da aka faɗa. Gani ya kori ji. A 2019 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel.

Sai dai akwai tambayoyin da madubi ba ya amsawa komai girmansa. Me za a kira wannan abu? Ina iyakar wannan rukuni take? Da wane mudu za mu riƙa awo? Waɗannan sai an zauna an yi yarjejeniya. A taron farko na ƙungiyar, a Roma a 1922, aka daidaita jerin sunayen gungun taurari, kuma zuwa 1930 aka buga iyakokin guda 88 da ake aiki da su har yau. A taron Beijing na 2012 aka tsayar da ma'aunin da ake kwatanta nisan rana da shi a kan mita 149,597,870,700 cif. Wanda ya saba da maganar ganin wata ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Jinjirin wata yana tsayawa a lokacinsa ko an gan shi ko ba a gan shi ba, amma ranar da jama'a za su tashi da azumi tana jiran shaida da sanarwa. Sama na da aikinta, majalisa na da nata.

Kalmar da ta haddasa rigimar Prague tsohuwa ce, kuma ba yau ta fara sauya ma'ana ba. Asalinta daga Girkanci take, tana nufin mai yawo, wato hasken da ba ya zama wuri ɗaya a tsakanin taurari. Malamanmu na hisabi sun san su bakwai: Zuhalu, Mushtari, Marriku, Shamsu, Zuhura, Uɗaridu da Ƙamaru. A wannan lissafi rana da wata suna ciki, ƙasar da muke takawa ba ta ciki. Da aka gane cewa rana ce a tsakiya, sai aka fitar da ita da wata, aka shigar da duniyarmu. A ranar farko ta shekarar 1801 Giuseppe Piazzi ya gano Ceres daga Palermo, tsakanin Marriku da Mushtari, aka ɗauke ta duniya. Pallas da Juno da Vesta suka biyo baya cikin shekara shida, su ma aka lissafa su. Da irinsu suka yi yawa a tsakiyar ƙarni na 19, sai a hankali aka daina kiran su duniyoyi, ba taro ba ƙuri'a. Saboda haka abin da ya sami Fuluto ya taɓa samun wasu.

Clyde Tombaugh, ɗan manomi mai shekara 24, shi ya gano ta ranar 18 ga Fabrairu 1930 a cibiyar Lowell da ke Arizona. Aikinsa na haƙuri ne: ya ɗauki hoton yanki ɗaya na sama a darare biyu daban, ya sa faifan gilashin biyu a wata na'ura da ke nuna masa wannan ta nuna masa wancan da sauri, yana neman ɗigo ɗaya da ya matsa a cikin dubban ɗigon da ba su motsa ba. Da farko an zaci nauyinta zai yi kusa da na duniyarmu. Kowane sabon awo sai ya rage mata. A 1978 James Christy ya gano watanta, Charon, wanda ya ba da damar auna ta sosai, sai ga shi nauyin nata kusan kashi ɗaya cikin ɗari biyar ne kawai na namu. Faɗinta kilomita 2,377 ne, alhali watan da muke gani da dare ya kai 3,474. Hanyarta ma a karkace take da digiri 17, kuma daga 1979 zuwa 1999 ta fi Neptune, duniya ta takwas, kusa da rana.

Duk da haka aka bar ta a jerin, don ba a san tana da dangi ba. A 1992 David Jewitt da Jane Luu suka gano wani dunƙulen ƙanƙara a bayan Neptune daga dutsen Mauna Kea na Hawaii, sai ƙofa ta buɗe, aka yi ta gano ɗaruruwa. A Janairun 2005 Mike Brown da Chad Trujillo da David Rabinowitz suka tsinci wadda daga baya aka raɗa wa Eris, a cikin hotunan da suka ɗauka tun 2003. An ɗauka ta fi Fuluto girma. Awon da aka yi daga baya ya nuna Fuluto ta ɗara ta faɗi kaɗan, amma Eris ta fi ta nauyi da kimanin kashi 27 cikin ɗari. Nan fa aka rasa mafita. In Fuluto duniya ce, da wace hujja za a hana Eris? Kuma ba a iya raɗa mata suna ba ma, don kwamitin da ke sa wa duniyoyi suna daban yake da wanda ke sa wa ƙananan duwatsu.

Ƙungiyar ta fara naɗa kwamitin ƙwararru, suka kasa daidaitawa. Sai ta naɗa wani ƙarami na mutum bakwai ƙarƙashin Owen Gingerich, masanin falaki da tarihin kimiyya na jami'ar Harvard. Suka gana a Paris, suka rufe bakinsu, ba a ga daftarinsu ba sai ranar 16 ga Agusta, taro ya riga ya fara. Daftarin ya ce duk abin da ke kewaya tauraro, kuma nauyinsa ya isa ya murɗe shi ya zama ƙwallo, to duniya ne. Da wannan ma'auni duniyoyi za su zama 12: a bar Fuluto, a dawo da Ceres, a ƙara Eris, a ƙara har da Charon, saboda cibiyar da ita da Fuluto ke juyawa a kanta tana fili tsakaninsu. Kuma kowa ya san ba a nan za a tsaya ba, domin gwammai na jiran layi a bayan Neptune.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren labarin da na fi so. Mutum biyu daga Uruguay, ƙasar da ba ta cikin manyan masu kuɗi ko manyan madubai, Julio Ángel Fernández da Gonzalo Tancredi, suka rubuta wani daftari na daban, suka riƙa bin abokan aiki suna neman sa hannu. Hujjarsu ita ce siffa kaɗai ba ta isa ba, sai an duba matsayin abu a unguwarsa. Ranar 18 ga wata, a zaman masu nazarin dangin rana, wato rana da abubuwan da ke kewaya ta, aka gwada ra'ayin mutane, sai aka ga nasu ya fi na kwamiti karɓuwa nesa ba kusa ba. Kwanakin da suka biyo baya an kai ruwa rana, murya ta ɗaga a wasu zaman, aka yi ta gyara jimla ana gogewa har daren jajibirin ƙuri'a.

Ma'aunin da ya fito yana da sharuɗɗa uku. Na farko, abu ya kasance yana kewaya rana. Na biyu, nauyinsa ya isa ya mayar da shi kusan ƙwallo. Na uku, wanda shi ne wuƙar, ya kasance ya share unguwar hanyarsa. Ma'anar wannan tana bukatar bayani, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Lokacin da dangin rana ke haɗuwa, shekara biliyan huɗu da rabi da suka wuce, ko'ina cike yake da duwatsu da ƙura. Wasu dunƙulen suka girma har ƙarfin janyowarsu ya mamaye hanyarsu: abin da suka tarar ko su haɗiye shi, ko su wurga shi nesa, ko su ɗaure shi ya zama mai bin umarninsu. Masu suka suna cewa ai Mushtari ma yana tafe da dubban duwatsu a gaba da bayansa, duniyarmu ma duwatsu na giftawa kusa da ita. Gaskiya ne, kuma kalmar sharewa ba ta dace sosai ba. Amma in aka koma ga lissafi, tazarar ba ƙarama ba ce. Masanin falaki Steven Soter ya kwatanta nauyin kowace duniya da na tarkacen da ke hanyarta. Duniyarmu ta ninka nata tarkacen sau miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Fuluto ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nata ba. Bugu da ƙari, Neptune ce ke juya ta: duk zagaye uku na Neptune, Fuluto na yin biyu, ba ta isa ta kauce ba. Tsakanin takwas ɗin nan da sauran akwai rami mai faɗi wanda halitta ce ta haƙa shi, shi ya sa nake ganin 'yan Uruguay sun fi kwamiti gaskiya.

A ranar ƙuri'a, Jocelyn Bell Burnell ce ta tsaya tana warware wa zauren ƙudurorin, matar da tun tana ɗaliba a 1967 ta gano wasu taurari masu aiko da sigina a kai a kai kamar bugun zuciya. Ta zo da laima da 'yar tsanar kare mai suna Fuluto na zanen yara, ta ɗaga laimar a kan karen don mutane su ga abin da ɗaya daga cikin ƙudurorin ke nufi: a yi babbar inuwa ɗaya mai suna duniyoyi, manya takwas da ƙanana duk su shiga ƙarƙashinta. Da wannan ya wuce, da Fuluto ta tsira da sunanta. Mutum 91 kacal suka goyi bayansa, ya faɗi. Ma'auni mai sharuɗɗa uku kuwa ya wuce da rinjayen da ba a ma tsaya ƙirgawa ba. Aka buɗe sabon rukuni wanda sunansa na Turanci ke nufin wada, aka sa Fuluto da Ceres da Eris a ciki, daga baya Makemake da Haumea suka shigo. A watan Satumba aka ba Fuluto lamba 134340 a rajistar ƙananan abubuwan sama.

Yanzu ga inda nake da ja. Mutum sama da dubu biyu ne suka halarci taron, ƙungiyar kuma tana da mambobi wajen dubu tara a lokacin. Amma an ajiye ƙuri'ar sai a zaman rufewa, kuma doka ta ce sai wanda ke cikin zaure zai kaɗa. Wanda kuɗin masaukinsa ya ƙare, ko aikin koyarwa ya kira shi, ko tikitinsa na mako ɗaya ne, ya riga ya tafi. Gingerich da kansa, shugaban kwamitin, ya koma Amurka kafin ranar, bai kaɗa ba. Mike Brown, wanda ganowarsa ta jawo maganar, daga California ya kalli abin ta intanet. Alan Stern, jagoran kumbon New Horizons da aka harba zuwa Fuluto wata bakwai kafin taron, ya yi ta nanata cewa ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na masana falaki ne suka yanke hukuncin. Cikin 'yan kwanaki masana sama da 300 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa. Yawancin waɗanda ke nazarin duwatsu da ƙasar duniyoyi ma ba mambobin ƙungiyar ba ne, suna da nasu tarukan, kuma da yawansu har gobe duniya suke kiran Fuluto. Da kumbon ya gifta ta ranar 14 ga Yuli 2015 ya aiko da hotunan tsaunukan ƙanƙarar ruwa da wani fili mai siffar zuciya wanda ƙanƙarar naitirojin ke malala a cikinsa, sai suka ƙara samun ƙarfin gwiwa.

Gaggawar ta bar tabo a rubutun kansa. Ba a sa lamba ko ɗaya da za ta fayyace sharewar ba. An kuma ce abin ya kewaya rana, wato ma'aunin bai ce komai ba game da duniyoyin wasu taurari, waɗanda tun 2022 adadinsu ya haura 5,000. A 2024 Jean-Luc Margot da abokan aikinsa suka kawo shawarar gyara mai lambobi, amma ma'aunin Prague na nan daram. Tsugune ba ta ƙare ba.

Ƙungiyar ta koyi wani abu, ko da a makare. A taron Vienna na 2018 aka kawo shawarar a ƙara sunan Georges Lemaître, limamin coci kuma masani ɗan Beljiyam, a kan dokar faɗaɗar sararin samaniya da aka sani da sunan Edwin Hubble kaɗai, tunda Lemaître ya buga lissafinsa da Faransanci a 1927, shekara biyu kafin Hubble. An tattauna a zaure, amma ƙuri'ar da ta yanke hukunci ta intanet aka kaɗa ta bayan kowa ya koma gida. Mutum 4,060 suka kaɗa, kashi 78 cikin ɗari suka amince. Wannan ya ninka mutanen zauren Prague kusan sau goma.

Ƙuri'ar intanet ta magance rabin matsalar ne kawai. Abin da ya juya akalar Prague ba a ranar ƙuri'a ya faru ba, ya faru ne a kwanakin da Fernández da Tancredi ke zagayawa da takarda a hannu. Da ba su samu zuwa ba, da wataƙila yau yara na haddace goma sha biyu. Wanda yake wurin shi ke rubuta jimlar da sauran za su ce e ko a'a a kanta. To su wa ke samun zuwa? Dubi inda aka yi tarukan baya-bayan nan: Kyoto, Manchester, Sydney, Prague, Rio de Janeiro, Beijing, Honolulu, Vienna, Busan. Malamin jami'a daga Kano ko Yamai da ke son zuwa irin waɗannan wurare sai ya nemi biza da ba a da tabbacin samunta, ya biya kuɗin rajista da na jirgi da na masauki da kuɗin waje, daga albashin da ake biyan sa da naira ko sefa. Ana ba da tallafin tafiya, amma ba ya isar kowa.

Sai da ƙungiyar ta shekara 105 kafin babban taronta ya sauka a Afirka, a Cape Town daga 6 zuwa 15 ga Agusta 2024. Ba alfarma aka yi wa nahiyar ba. Afirka ta Kudu tana da madubin SALT a Sutherland, da faranti 64 na MeerKAT masu sauraron sama a hamadar Karoo, inda ake gina rabin babbar na'urar sauraron sama da ake kira SKA. Ghana ta mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar binciken sama a 2017. Najeriya tana da cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka, kuma Farfesa Pius Okeke ne shugaban farko na Ƙungiyar Masana Falaki ta Afirka. Masu shirya taron Cape Town sun yi abin da ya burge ni ƙwarai: suka buɗe zaman taron ga duk mai intanet ya kalla kyauta, suka kuma tura mahalarta makarantu su gana da yara. A can aka zartar da ƙuduri kan kare duhun dare daga dubban taurarin ɗan'adam da kamfanoni ke harbawa, da wasu kan yadda za a tsara agogon duniyar wata.

Maganar suna ita ce ta fi taɓa ni. Tun 2016 ƙungiyar ke da kwamiti mai tantance sunayen taurari, kuma yawancin waɗanda ya fara amincewa da su daga Larabci da Girkanci da Latin suka fito. Daga baya ya karɓi sunaye daga Sin, da 'yan asalin Ostireliya, da Xamidimura na mutanen Khoekhoe na kudancin Afirka, wato idanun zaki. A 2019, da aka ba ƙasashe dama su raɗa wa wasu taurari da duniyoyinsu suna, Najeriya ta zaɓi Amadioha da Equiano. Mu ma muna da namu. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, mai sammako ya san Gamzaki, yara sun san Zara matar wata. Irin waɗannan sunaye suna shiga rajista ne idan wani ya tattara su daga bakin dattawa, ya tabbatar da wane haske kowanne ke nufi, ya rubuta, sannan ya kai su gaban kwamitin ya kare su. Babban taro na gaba a Roma za a yi shi, a watan Agusta 2027, kuma ɗalibin kimiyyar fiziks da ke Zariya ko Sakkwato a yau, in yana son ya tsaya a gefen fostarsa a can, yanzu ne lokacin da zai fara neman malamin da zai duba aikinsa da kuma kuɗin tafiya.